Market Access Map: shafin da ke nuna kuɗin fito tun kaya suna sito

Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi kimanin tan 19. Kafin ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa a kaya masu yawa haka, a Dawanau yake ko Maigatari ko Maraɗi, akwai abubuwa uku da ya kamata ya sani: nawa ne kuɗin fito a ƙasar da kayan za su sauka, waɗanne takardu kwastam ɗin can za su nema, kuma nawa masu sayar da irin kayansa daga wasu ƙasashe suke biya. Da can sai dai a dogara da bakin mai saye ko na ejan. Market Access Map shafin intanet ne da aka gina domin waɗannan tambayoyi, kuma kyauta ne. A ganinmu, wajen nuna fito da kwatanta abin da ƙasashe ke biya, ba mu san wani shafi na kyauta da ya kama ƙafarsa ba. Wajen takardu da sharuɗɗa kuwa nuni kawai yake yi, ba ya raka mutum har gida. Dukkan amfaninsa kuma ya rataya ne a kan lambobi shida da mai amfani zai shigar da hannunsa.

Mai shafin ita ce Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, ITC, da ke Jeniva, wadda aka kafa a 1964, kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, da Majalisar Ɗinkin Duniya suke riƙe da ita tare. Adireshinsa macmap.org. Yana ɗauke da jadawalin fito na ƙasashe da yankuna kimanin 200, kuma ana iya yin bincike na yau da kullum ba tare da biyan ko kwabo ba.

Lambobi shida

Abin da ya sa shafi guda zai iya jera fiton Sin da na Turkiyya da na Mekziko a layi ɗaya shi ne ƙasashen sun amince su riƙa kiran kowane kaya da lamba ɗaya. Hukumar Kwastam ta Duniya, WCO, mai hedikwata a Brussels, wadda aka kafa a 1952, ita ce ke riƙe da kundin lambobin kaya da ake kira HS. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1988. Yau ƙasashe da yankuna fiye da 200 suna aiki da shi, kuma sama da kashi 98 cikin 100 na kayan da ke tsallake iyakoki da shi ake rarrabe su. Kundin yana da sashe 21, babobinsa sun kai lamba 97, sai dai babi na 77 an bar shi fanko domin gaba. Rukunonin kaya a ciki sun haura 5,000.

Karanta lambar ba wuya. Riɗi shi ne 1207.40. Biyun farko, 12, babin iri da 'ya'yan tsirrai masu mai ne. Biyun tsakiya suna ware wani rukuni a cikin babin, biyun ƙarshe kuma su ne riɗi kansa. Jami'in kwastam a Yokohama da na Mersin da na Apapa duk abu ɗaya suke fahimta in sun ga wannan lamba, ko da ba su jin harshen juna. Ƙaro 1301.20 ne. Citta da ba a daka ba 0910.11, dakakkiya ko niƙaƙƙiya 0910.12. Albasa 0703.10. Dabino 0804.10. Gwanjo 6309.00.

Ana gyara kundin kusan duk shekara biyar: 1996, 2002, 2007, 2012, 2017, 2022, na gaba kuma zai fara aiki a farkon 2028. Gyaran 2012 ya taɓa mu sosai, domin a nan ne, bisa shawarar hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, wake ya samu lambarsa ta kansa, 0713.35, gurjiya ta samu 0713.34, goro 0802.70, acca 1008.40. Kafin nan a rukunin "sauransu" ake cusa su, ba wanda zai iya cewa tan nawa na wake ya tsallaka iyaka a shekara. Gyaran 2022 ya ba ƙwarin da ake ci lamba 0410.10, wato fara ta shiga kundi, ya kuma ware wayar salula ta zamani a 8517.13 da farantin sola a 8541.43. Amma ana cirewa kamar yadda ake ƙarawa. Ƙwarar kaɗanya a da tana da lambarta 1207.92, amma a wani gyara aka soke ta saboda ƙarancin cinikinta a ma'aunin duniya, ta koma 1207.99 tare da tarkacen iri. Duk wanda ya kwafo lamba daga tsohuwar takardar wani zai iya faɗawa wannan rami.

A nan ne akasarin masu amfani da shafin suke tuntuɓe, kuma laifin ba duka nasu ba ne. Na farko, akwatin neman kaya yana aiki da kalmomin kundin ne, ba da sunan da aka sani a kasuwa ba. Zoɓo ba shi da suna a matakin lamba shida. Yana ƙarƙashin 1211.90, rukunin tsirran da ake amfani da su wajen magani da turare da makamantansu. Aya tana 0714.90, cikin sauran saiwoyi. Wanda bai san haka ba zai yi ta rubuta suna shafin yana ce masa babu, ko kuma ya zaɓi abin da ya yi kama da kayansa, wanda ya fi muni.

Na biyu, sarrafawa tana sauya lamba, wani lokaci har ta sauya babi. Gyaɗa da kwanso 1202.41 ce, ɓararriya 1202.42. In an soya ta ta bar babi na 12 gaba ɗaya, ta koma 2008.11. Man gyaɗa yana 1508, tunkuzar da ta rage bayan matsa tana 2305. Haka fatar akuya: ɗanya tana 4103, wadda aka jeme tana da danshi 4106.21, wadda aka busar bayan jima 4106.22, wadda aka gama gyarawa 4113.10. Majemin Sharaɗa ko Challawa da ya rubuta lambar wani mataki a kan fatar wani mataki zai ga fito da sharuɗɗan da ba nasa ba, kuma shafin ba zai gargaɗe shi ba, domin bai ga fatar ba.

Kundin yana da ƙa'idoji shida na warware ruɗani, kuma duk mai shigo da kaya ya kamata ya san uku daga ciki. Ta farko: rubutun rukunin da bayanan da ke kan sashe da babi su ne hujja, ba taken babin ba. Ta biyu: kayan da aka kawo a warwatse ko ba a ƙarasa ba, in dai siffarsu ta fito, ana ɗaukar su a matsayin cikakku. Babur da aka zuba a kwali gunduwa-gunduwa babur ne, yana 8711, ba kayan gyara ba. Ta uku: in kaya sun dace da rukuni biyu, wanda ya fi bayyana su dalla-dalla shi ke rinjaye. In haɗin abubuwa ne da aka shirya sayarwa tare, ana bin abin da ya ba su ainihinsu. In an rasa, a ɗauki rukunin da ya fi nisa a jerin lambobi. Saɓanin da ya gagari ƙasashe kwamitin HS ne ke yanke shi a zaman da yake yi sau biyu a shekara a Brussels. Market Access Map ba ya koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma muna ganin wannan gibi ne babba a shafin da aka yi domin ƙananan 'yan kasuwa.

Abu na ƙarshe a kan lamba: shida ce aka yi tarayya a kai, abin da ya biyo baya na kowace ƙasa ne. Jadawalin fiton ECOWAS lamba 10 ne, na Tarayyar Turai 8 da ƙarin biyu, na Japan 9, na Indiya 8, na Amurka 10. Fito na gaskiya a kan cikakkiyar lambar ƙasar yake. Kada a kwashi lamba goma ta Najeriya a aika wa mai saye a Osaka, huɗun ƙarshe ba su da ma'ana a wurinsa.

Yadda ake aiki da shi

Shafin farko akwati uku ne: ƙasar da kaya za su fito, ƙasar da za su je, sai kayan. A shigar da lamba shida maimakon suna. Shafin zai buɗe layukan fito na ƙasar da kayan za su je, waɗanda ke ƙarƙashin lambar, a zaɓi wanda ya dace da yanayin kayan, misali riɗin shuka ne ko na ci. Sakamakon zai nuna fiton gama-gari da kowace ƙasa mambar WTO ke biya, sannan fiton rangwame in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, sannan matakan kariya irin harajin hana zubar da kaya da araha, sai jerin sharuɗɗan shigarwa. Inda ƙasa ke karɓar fito a kan kilo ko lita maimakon kaso na ƙima, shafin yana juya shi zuwa kaso domin a iya kwatantawa. Wannan juyi ƙiyasi ne da aka gina a kan matsakaicin farashi, saboda haka a yi lissafi da adadin asali, kason kuma a bar shi wajen kwatance.

Sashen da ya fi kowane daraja shi ne na kwatanta abokan gogayya. Riɗi zuwa Sin ya isa misali. Shekara da shekaru fiton gama-gari na Sin a kan riɗin ci kashi 10 ne cikin 100, amma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin su Nijar da Habasha da Togo da Mozambik suna shiga ba fito. Najeriya ba ta cikin wannan rukuni. A ce tan ɗaya ya sauka a dala 1,500, kwantena ta zama dala 28,500, fitonta dala 2,850. Mai saye ba zai haɗiye wannan ba, daga farashin da zai taya zai cire shi. Ɗan kasuwar Kano da ya ga ana taya riɗinsa ƙasa da na Maraɗi alhali inganci ɗaya ne, a wannan shafi zai ga dalili cikin minti biyar. A watan Yunin 2025 Sin ta sanar da shirin cire fito ga ƙasashen Afirka 53 da take da hulɗar jakadanci da su, wanda hakan ke nufin wannan lissafi na kafin sauyin ne. Shi ya sa kafin a dubi adadin, a fara duban shekarar bayanan da aka rubuta a jikin sakamakon.

Sashen kwatanta kaya kuma yana fito da wani abu da masu son kafa injin matsa ya kamata su gani tun kafin su sayi inji. Ƙwayar riɗi tana shiga Tarayyar Turai ba fito. Man riɗi na ci, 1515.50, fitonsa na gama-gari kashi 6.4 ne in ɗanye ne, 9.6 in an tace. Ɗanyen kaya kyauta, sarrafaffe da haraji. Nijar ba ruwanta da wannan, domin tana cikin tsarin da Turai ta yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi na shigar da komai ba fito in ban da makamai. Ghana ma tana da yarjejeniyarta da Turai tun 2016. Najeriya rangwamen gama-gari na ƙasashe masu tasowa take ci, wanda a kan irin waɗannan kaya ragi yake yi, ba shafewa ba. Masana'anta uku a Yamai da Tamale da Kano, mai iri ɗaya, fito daban-daban.

Rangwame asalin kaya yake bi

Ganin sifili a layin rangwame ba ya nufin an samu. Sai an tabbatar da asalin kayan bisa ƙa'idar yarjejeniyar. Domin wannan akwai ɗan'uwan shafin, Rules of Origin Facilitator, wanda ITC ta yi tare da WCO da WTO, kuma da lamba ɗaya ake shiga su biyun. Yana nuna ko sharaɗin shi ne kayan su zama an noma su kacokan a ƙasar, ko sarrafawar ta kai ta sauya musu rukuni a kundi, ko ƙimar da aka ƙara a gida ta kai wani kaso. Yana kuma nuna irin takardar shaidar da ake buƙata.

Ga amfanin gona ƙa'idar a fili take: inda aka noma, nan ne asali. Riɗin da aka girbe a Jigawa, aka tsallaka da shi iyaka aka sauya masa buhu, bai zama na Nijar ba. Kwastam ɗin ƙasar mai saye suna da damar rubuto wa hukumar da ta ba da shaidar su nemi tabbaci ko bayan an fitar da kayan, kuma in shaidar ta rushe mai saye ne zai biya fiton da aka yafe. Da wuya ya sake ciniki da wanda ya jawo masa haka. A tsarin rangwamen Turai kuwa yanzu mai fitar da kaya ne ke rubuta shaidar asali da kansa a jikin takardar ciniki, amma in ƙimar kayan ta haura yuro 6,000 sai ya yi rajista a tsarin REX, wato rajistar masu fitar da kaya, ya sa lambarsa.

Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ita ma tana fitowa a shafin. An sa mata hannu a Kigali a watan Maris 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. Kashi 90 cikin 100 na layukan fito ne za a sauke, kashi 7 a jinkirta, kashi 3 a ware. Saukewar a hankali ake yin ta shekara bayan shekara, kuma sai ƙasashen biyu sun shigar da jadawalinsu cikin dokar gida kafin jami'in da ke bakin iyaka ya yi aiki da shi. Najeriya sai a 2025 ta wallafa nata. A nan muna ba da shawarar a ɗauki abin da shafin ya nuna a matsayin abin da ya kamata, a kuma tabbatar da abin da ake yi ta bakin ejan a ƙasar da kayan za su je.

Inda ya gaza

Ga kayan gonarmu, ba fito ne ke mayar da kwantena ba. Gwaji ne. A nan shafin yana da rauni. Yana jera sharuɗɗa da haruffa bisa rabe-raben da hukumomin duniya suka amince da shi: A na lafiyar abinci da dabbobi da tsirrai, B na ƙa'idojin inganci da lakabi, C na binciken kafin lodi, P na sharuɗɗan ƙasar da ke fitarwa. Jerin kan yi tsawo, an rubuta shi da harshen doka, kuma bai bambanta sharaɗin da kowa ke cikawa ba wahala da wanda ke halaka ciniki. Ga wasu ƙasashe ma bayanan wannan sashe sun girmi na fito da shekaru.

Abin da ɗan kasuwa ke buƙatar ji kai tsaye shi ne irin wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda iyakarsa a can miligiram 0.01 ne a kilo. Asalin matsalar a sito take, inda ake yayyafa magani a kan wake domin gudun ƙwari, alhali buhu mai ruɓi uku da ke hana iska shiga yana kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Gyaɗar da za a ci kai tsaye, iyakar gubar aflatoxin a Turai maikrogiram 2 ne a kilo ga nau'in B1, jimla kuma 4. Gubar daga fumfuna take fitowa, fumfuna kuma daga gyaɗar da aka ɗure ba ta gama bushewa ba ko aka jibge a ƙasa mai danshi. Riɗin Najeriya yana cikin jerin kayan da Turai ke tsananta wa bincike saboda ƙwayar salmonella, wadda ke shiga lokacin shanya da sheƙa a fili inda kaji da dabbobi ke ratsawa. Mekziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa saboda ƙwaron sito da ake kira khapra. Har katakon da ake ɗora buhuna a kai yana da ƙa'idarsa ta duniya, ISPM 15: a gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 ko a yi masa hayaƙin magani, sannan a buga masa hatimi. Katako maras hatimi zai iya tsayar da kaya masu kyau.

Duk waɗannan suna iya kasancewa a wani lungu na jerin, amma shafin ba ya ɗaga murya a kansu. Wanda ya ga fito sifili ya rufe kwamfuta yana murna ya bar rabin aikin. Sauran rabin yana wurin hukumar killace amfanin gona, NAQS, mai ba da shaidar lafiyar tsirrai, da ɗakin gwajin da mai saye ya yarda da shi, da kuma mai sayen kansa, wanda ya kamata a sa ya rubuto iyakokin da yake so a cikin kwantiragi.

Ga mai shigo da kaya ma akwai abin lura. Adadin da ke layin fito na fito ne kaɗai. Jadawalin ECOWAS da ya fara aiki a 2015 yana da mataki biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. A Najeriya, bisa lissafin da aka daɗe ana yi kafin 2025, ana ɗora kashi 7 cikin 100 na fiton, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS a kan ƙimar kaya haɗe da jigila da inshora, da kashi 1 na bincike a kan ƙimar kayan a tashar lodi, sannan VAT kashi 7.5 a kan jimlar duka. A ɗauki kayan dala 27,000, jigila 2,700, inshora 300, jimla 30,000. In lambar ta faɗa matakin 5, fito 1,500 ne, ƙarin kan fito 105, na ECOWAS 150, na bincike 270, VAT kimanin 2,402, gaba ɗaya 4,427. In jami'i ya ce lambar ta matakin 20 ce, fito ya zama 6,000, ƙarinsa 420, VAT 2,763, gaba ɗaya 9,603. Bambancin dala 5,176 ne a kan kwantena ɗaya, ban da kuɗin kwanan da take ci a tasha yayin da ake jayayya. Kuma waɗannan ƙarin suna sauyawa: harajin kashi 4 da dokar kwastam ta 2023 ta tanada an fara karɓarsa a 2025 aka kuma dakatar. Wasu kayan suna da ƙarin haraji na musamman, wasu an hana shigo da su ɗungurungum. Dole a haɗa shafin da sanarwar hukumar kwastam ta kwanan nan.

Ƙimar da ake ɗora fito a kai ma ba aikin shafin ba ce. Yarjejeniyar WTO ta ce a fara da farashin da aka biya da gaske. Sai in an ƙi shi da hujja ne ake gangarawa bi da bi: farashin kaya iri ɗaya, na masu kama da su, farashin sayarwa a gida bayan cire kuɗaɗe, kuɗin ƙerawa, sai hanya ta ƙarshe. Mai takardun banki da rasit na gaskiya yana da abin tsayawa a kai. Wanda ya sa aka rage masa farashi a takarda ya zubar da wannan kariya da hannunsa.

Sai matsalar jinkiri. Shafin yana sabunta bayanai ne gwargwadon yadda ƙasashe ke wallafawa, siyasa kuma ta fi shi sauri. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu bisa tsarin da aka saba har sai an yi sabon shiri, su kuma ƙasashen uku suka sanar da nasu harajin rabin kashi ɗaya a watan Maris. Mai kai kaya ta Jibiya ko Illela ko Kamba ba zai jira Jeniva ta gaya masa abin da ake karɓa yau ba. Haka ɗaya ɗan'uwan shafin, Trade Map, mai nuna yawan cinikin ƙasashe: abin da aka rubuta a kwastam kaɗai yake ƙirgawa. Albasar Galmi da shanu da gero da ke ratsa iyaka ba takarda ba su cikin lissafinsa, don haka alƙalumansa na cinikin Najeriya da Nijar sun gaza gaskiya nesa. Ga kasuwannin nesa irin Japan da Turkiyya kuwa abin dogaro ne, musamman in an duba daga ɓangaren abin da ƙasar mai saye ta rubuta ya shigo mata.

Ta fuskar sauƙin amfani, yana buɗewa a waya, amma teburan kwatance sun fi kyau a kwamfuta. Akwai Turanci da Faransanci da Sifaniyanci, wanda ya wadatar da ɗan boko a Kano ko Damagaram. Babu Hausa. Mutanen da suka fi kowa riƙe da riɗi da zoɓo da ƙaro a yankinmu da yawansu ba za su iya karanta shi da kansu ba, kuma muna ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da cibiyoyin ciniki na Kano da Maraɗi za su yi babban aiki in suka fitar da takarda guda mai ɗauke da kaya talatin da aka fi fitarwa, sunansu da Hausa da lambarsu a gefe.

In kayan masu ruɗani ne, kamar haɗin sola mai faranti da batir da fitila a kwali ɗaya, ko garin abinci da aka cakuɗa, kada a tsaya ga zaɓin da aka yi a shafin, domin ba shi da ƙarfin doka a gaban kowane jami'i. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta WTO, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairu 2017, ta wajabta wa ƙasashe a sashe na 3 su riƙa ba da hukunci a rubuce kan lambar kaya da asalinsu tun kafin kayan su iso. A Turai irin wannan hukunci yana aiki shekara uku. Hukumar kwastam ta Najeriya ta ƙaddamar da nata tsarin a 2024. Ana nema ne da cikakken bayanin kayan: abin da aka yi su da shi da kason kowane sinadari, yadda aka sarrafa su, amfanin da ake yi da su, hotuna, takardar masana'anta, da samfur in an nema. Lambar da aka samu ita za a sa iri ɗaya a takardar farashi, da Form M na mai shigo da kaya ko NXP na mai fitarwa a banki, da shaidar asali, da sanarwar kwastam, domin saɓanin lamba tsakanin takardu biyu kaɗai ya isa a ware kwantena a buɗe ta.